Hannun Dama na Kofur Dungar

Shekara goma sha tara ke nan da rishon kananzir ya fashe a cikin ramin tsaro, can kan dutsen ƙanƙara, ya lashe Kofur Dungar Singh Koranga tun daga hammatar dama har kwiɓi. Wutar minti biyu ta yi a jikinsa, tabon da ta bari kuwa zama ya zo yi. Fatar wurin ta warke a tattare, tana sheƙi, ta ɗinke damtsensa da haƙarƙari. In ya ɗaga hannu ya kai daidai ƙirji sai ta ja shi baya, in ya matsa mata kuma ta tsage. Da sanyi takan bushe ta dare don kanta. Da zafi ƙaiƙayi ya hana shi sakat, ga shi wuri ne da dattijo ba ya sosawa a gaban mutane.

Ƙa'ida ita ce tsohon soja ba ya samun kuɗin naƙasa sai kwamitin likitoci ya auna shi ya ce naƙasar ta kai kashi ashirin cikin ɗari. Ƙasa da haka, sai dai a yi maka sannu. Sau biyu Dungar yana tsayawa gaban kwamiti. Na farko, lokacin sallamarsa daga aiki, suka ba shi sha huɗu. Ya ɗaukaka ƙara, aka sake dubawa, aka ƙara masa ɗaya tak.

Kada a ɗora wa likitocin laifin duka. Mutanenmu na tsaunin Kumaon akwai mu da wani hali da ke ba ni haushi yana kuma ba ni tausayi. Yaro tun yana rarrafe yake jin cewa kakansa soja ne, ubansa soja ne, kuma ba wanda ya taɓa zuwa layin marasa lafiya sai an ɗauke shi ranga-ranga. To mutumin da aka raina haka, likita mai taurari a kafaɗa ya ce masa, “Ɗaga hannu,” me kake tsammani? Umarni ya ji. Sau biyun nan Dungar ya cije haƙori ya miƙa hannun har sama da kai. Aka tambaye shi ko da ciwo, ya ce babu. Likita ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. Sai a bayan gida na asibitin Dungar yake tuɓe riga ya goge jinin.

Shekara shida fayil ɗinsa ya yi a kotun sojoji kafin alƙalai su ce a sake auna shi. Lauyan ya gaya masa a waya, ba ɓoye-ɓoye, cewa wannan shi ne na ƙarshe. Abin da kwamitin nan ya rubuta, da shi za a kai shi makwanci.

Ba don kwaɗayi yake bin abin ba. Fanshonsa na kofur gida biyu yake ciyarwa, nasa da na matar yayansa da ya rasu, ba ya rage abin ɗaukar mai huɗa. Gonakinmu kuwa matakala ne a jikin dutse, faɗin wata bai wuce tabarma biyu ba. Taku goma sha biyar ka iso ƙarshe, sai ka cicciɓi garma ka juya ta, shanu su juyo, ka sake. A yini sai mutum ya cicciɓe ta sau ɗari biyu. Bara da hagu ya yi huɗar, kunyoyin suka fito a karkace, shi kuma ya kwanta kwana huɗu. Matarsa Motima ta fi maza biyu ƙarfi, ita ke ɗauko ciyawa daga gefen kwazazzabo, amma a al'adarmu mace ba ta kama garma, ko za a kwana da yunwa. Samarin ƙauyen duk sun gangara birane. Cikin gida arba'in, goma sha ɗaya ne ke fitar da hayaƙi, sauran kwaɗo ne a ƙofa, birai a kan rufi. In kuɗin naƙasar ya fito, akwai wani mai huɗa a ƙauyen ƙetaren kogi da zai riƙa zuwa. In bai fito ba, Lalit mijin 'yarsu Hema ya samo masa gadi a wata masana'anta a Rudrapur, da ɗaki guda a bayan katanga, an kuma ce za a riƙe masa gurbin zuwa ƙarshen wata. Dungar ya tsani zancen nan. A gidan nan aka yanke masa cibiya, kuma yana tsoron ranar da zai rataya masa kwaɗo fiye da yadda ya ji tsoron komai a bakin daga.

Saura sati uku a tafi, Jodh Singh ya ce a bar masa shi. Jodh ya yi ritaya da muƙamin Subeda, shi ya horar da Dungar tun yana kurtu, yanzu kuma shayi yake sayarwa a bakin hanyar mota. Ya hauro gidan da sandarsa yana haki, ya zauna a dakalin tsakar gida, Motima ta kawo masa shayi da gutsuren mazarƙwaila.

“Kai dai jaki ne tun ranar da na fara ganinka,” in ji Jodh. “Mutane na zuwa kwamiti da ƙafa lafiyayya suna ɗingishi, kai ka je da hannu a ƙone kana yi musu fareti. Lambar yabo suka ce za su ba ka?”

“Umarni suka bayar, Subeda Sahab,” in ji Dungar, da kalmar girmamawa ta soja.

“Ji shi. Ƙanwata, zo ki zama Kanar. Ɗauko ludayin nan, shi ne sandarki.”

Motima ta gyara mayafi, ta tsaya gaban mijinta da ludayi a hammata, ta tsuke fuska. “Baban Hema, ɗaga hannu.”

“Wane Kanar ne zai ce masa Baban Hema?” in ji Jodh.

“To ni sunansa zan kira? Ka bar ni na yi yadda na iya, Yaya.”

Dungar ya ɗaga hannun a hankali. Da ya kai ƙirji fatar ta ja, ya tsaya. Motima ta tambaye shi ko da ciwo, ya yi murmushin kunya ya ce da ɗan kaɗan. Suka maimaita sau uku, duk ya tsaya inda ya kamata. Jodh na kurɓar shayinsa kamar ba ruwansa. Can sai ya ajiye kofin, ya buɗe tsohuwar muryar nan tasa ta filin fareti daga bayan Dungar. “Kofur Dungar, hannu sama!”

Kafin Dungar ya san abin da ake ciki, hannun na sama da kansa. Jodh ya fashe da dariya har da buga sanda a ƙasa. Da ya ga ja ya fara ɓullowa a singiletin, dariyar ta tsaya.

“Ka ga matsalarka,” ya ce da murya ƙasa-ƙasa. “Kunnenka ke ba hannun umarni, kai ba a ma shawara da kai. Saurara. In ka shiga, kar ka kalli kafaɗar kowa, taurarin nan ke kashe ka. Kalli takalminsa, ka ɗauka mai sayar da gishiri ne. Inda ya ja, ka tsaya. In an ce da ciwo, ka ce da ciwo. Ba ƙarya aka sa ka ba, gaskiya ce ake roƙonka ka faɗa sau ɗaya a rayuwarka.”

Kullum Jodh sai ya hauro, kullum sai ya yi masa tsawa ba zato, wani lokaci yana cin abinci, wani lokaci yana wanke ƙafa. Sati na farko hannun bai daina tashi ba. A na biyu ya fara tsayawa a rabin hanya yana rawa. Furta “da ciwo” ne ya fi ba shi wuya. Bai iya faɗa wa Motima ba, don in ya buɗe baki sai ya ji kamar yana roƙon bara. Sai ya koma yin ta a garke da safe, yana zuba wa shanun ciyawa yana ce musu, “Da ciwo, Sahab. Yana tsagewa, Sahab.” Shanun suna tuƙa, ba su ce masa raggo ba. A sati na uku ya iya faɗa a gaban Jodh ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Suka gangara ranar Lahadi, shi da Motima, a motar haya zuwa Bageshwar, daga nan bas har ƙasa. Ta ɗaure gurasar tamba da dankali a tsumma. Shi kuma ya sa farar rigarsa da ya goge da dutsen guga na gawayi, da hular rundunarsu, don ba tsohon sojan da ke shiga bariki da kai a buɗe. Da suka bar itatuwan tsauni zafin ƙasa ya rufe su, tabon ya fara ƙaiƙayi. Ya matse hannun a jikinsa har suka sauka.

Washegari da safe aka zaunar da su a dogon benci a barandar asibitin sojoji. Awa uku suka yi, fanka na juya iska mai zafi a kansu. Da aka kira lambarsa, Motima ta kama gefen rigarsa ta ce, “Takalmi za ka kalla.” Ba a barin iyali su shiga, don haka ta koma ta zauna da ƙunshinta a cinya.

Likitar da ya tarar mace ce, ba ta wuce sa'ar Hema ba, 'yar kudu, baƙa siririya. A allon tebur an rubuta Manjo Nambiyar. Farar rigar likita ta rufe kakinta, ba a ganin komai a kafaɗarta, Dungar ya gode wa Allah a ransa. Ta ce ya cire hula da riga ya zauna. Ta daɗe tana duban tabon. Ta auna tsawonsa da faɗinsa da awon tela, ta bi wasu fararen layuka a cikin hammatar da ɗan yatsa.

“Dungar-ji, nan ya sha tsagewa. Sau nawa?”

“Ban ƙirga ba, Madam.”

“Wane aiki kake yi a gida?”

Ya gaya mata huɗa. Ba ta taɓa ganin gonar dutse ba, ta ce ya kwatanta mata, ya kwatanta yadda ake cicciɓar garma a juya. Sai ta ɗauko wani ma'auni mai ƙafa biyu kamar almakashi ta ɗora a kafaɗarsa. “Ɗaga a hankali. Inda ka fara jin ciwo, ka tsaya. Ba gasa muke ba.”

Ya kalli takalminta, baƙi ne mara tsini, da ƙura a baki. Ya ɗaga. Fatar ta ja a daidai ƙirji, duk jikinsa yana ce masa ci gaba, ai ana kallonka. Ya tsaya. Gumi ya keto masa kamar wanda ya hau dutse da buhu.

“Da ciwo?”

“Da ciwo, Madam. In na wuce nan yana tsagewa.”

Ta karanta ma'aunin, ta sa ya maimaita sau biyu, ta koma tebur tana rubutu. Dungar bai iya Turanci ba, amma ya san lamba ko a juye take. Ya ga alƙalaminta ya zana uku da sifili. Talatin. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya ga mai huɗan ƙetaren kogi yana haurowa da safe, ya ga kansa zaune a bakin gona yana gaya masa inda duwatsu suke. Daɗi ya kama shi sosai, har ya ji yana son ya yi wa yarinyar nan addu'a da ƙarfi.

“Sa kayanka,” ta ce. “Shugaban kwamiti zai zo ya sa hannu, shi ke nan ka tafi.”

Ya sa rigar, ya ɓalle maɓallai har wuya, ya daidaita hular yadda tambarin zai zauna bisa idon hagu. Yana tsaye yana jiran a ce ya zauna ko ya fita, ƙofa ta buɗe. Wani Kanar ya shigo, dogo mai furfura a gashin baki, kaki a goge, taurari da jan ƙyalle a wuya, ba farar riga a kai. Dungar bai sami zarafin neman takalminsa ba. Dugadugansa suka haɗu da ƙara, ƙirjinsa ya fito, hannun dama ya tashi ta doguwar hanya, gwiwar hannu daidai da kafaɗa, tafi a buɗe a gefen hula. Sarawa ce irin wadda Jodh ya dasa masa da sanda shekara talatin da suka wuce, ba ta da makusa. Ya ji fatar ta dare a hammata, zafi ya tsarga masa har cikin haƙori, fuskarsa ba ta motsa ba.

Kanar ya tsaya, fuskarsa ta washe. Ya amsa sarawar. “Manjo, kin gani? Mutanen tsauni ke nan. Yaranmu na yanzu ko an biya su ba su iya wannan.” Ya ɗauki fayil ɗin yana murmushi, ya karanta, murmushin ya ragu. Ya dubi takardar, ya dubi hannun da Dungar ya sauke ya manne a ɗinkin wando.

“Kin rubuta hannun ba ya wuce ƙirji.”

“Haka na auna, Sir, sau uku. Akwai tsofaffin tsagu a wurin, in za ka duba.”

“Na duba ai. Yanzun nan na duba.” Bai faɗa da faɗa ba. Mutum ne da ya shekara ashirin yana ganin masu ɗingishin ƙarya, kuma da gaske Dungar ya burge shi. Ya matso kusa, ya sassauta murya. “Kofur, ni da kai sojoji ne, ba ma yi wa juna ƙarya. Tambaya ɗaya zan yi maka. Hannun nan, kana iya ɗaga shi ko ba ka iyawa?”

Manjo Nambiyar na bayan Kanar, ta kafe shi da ido, tana ɗan girgiza kai. Dungar ya gan ta da gefen ido. Amma idonsa na kan bango, ɗan sama da hular Kanar, inda aka koya masa ya ajiye shi in babba na magana. Ya nemi hanya a cikin tambayar bai samu ba. In ya ce ba ya iyawa, ya yi ƙarya a gaban mutumin da ya gani da idonsa. Maganar da ya koya a garke tana nan a maƙogwaronsa, amma ba ita aka tambaye shi ba, kofur kuwa ba ya ƙara wa Kanar amsa a kan abin da ya tambaya. Ya ji jini na gangarowa a haƙarƙarinsa a hankali, a ƙarƙashin hannun da ya matse.

“Ina iyawa, Sahab.”

“Madalla.” Kanar ya dafa kafaɗarsa ta hagu. “Da irinku ake taƙama.”

Abin da Dungar bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a daidai wannan lokacin daɗi ya ji. Yana kallo alƙalamin ya ja layi a kan talatin ɗin ya rubuta wata lamba ƙarama a gefe, amma ƙirjinsa cike yake da jin daɗin an yaba masa, kamar kurtu ɗan shekara sha takwas. Sai da ya juya ya fito baranda daɗin ya zube, kunya da baƙin ciki suka maye gurbinsa. Ya tsani kansa a lokacin fiye da yadda ya tsani tabon.

Motima ta miƙe da ƙunshinta. Ta dubi fuskarsa, ta dubi yadda ya manne hannu a jiki, ta sa yatsa ta ɗaga gwiwar hannun kaɗan. Farar rigar ta yi ja har aljihu. Ya jira ta yi masa tsaki, ta ce masa jaki kamar yadda Jodh zai ce, da ya fi masa sauƙi. Ta ja shi zuwa gindin wata bishiyar maina a bayan wurin ajiye motoci, ta kwance masa maɓallai, ta yagi gefen tsumman gurasar ta jiƙa da ruwan gora tana goge masa.

“Na faɗa wa likitar,” ya ce. “Wallahi na faɗa, Maman Hema. Har ta rubuta.”

“Na sani. Ɗaga kaɗan in ɗaure.”

Suka zauna a nan har inuwa ta matsa. Ta miƙa masa gurasa, ya riƙe bai ci ba. Sojoji matasa na wucewa bibbiyu, takalmansu na tafiya tare. Daga baya ya ciro wayarsa da hagu ya ba ta ta nemo masa lambar Lalit, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Bugu biyu surukin ya ɗauka, ana jin ƙarar injuna a bayansa.

“Babuji, ina gaisuwa. Yaya aka yi?”

“Gurbin nan yana nan?”

Lalit ya gane. Yaron kirki ne, sai ya shiga ƙoƙarin faranta masa. “Yana nan, Babuji, ni na riƙe shi. Kar ka damu, aikin ba wuya ko kaɗan. Ba ɗaukar kaya, ba zagaye. Tsayuwa ce kawai a babbar ƙofa, duk motar manya da ta shigo ko ta fita ka sara mata. Shi ya sa suke neman tsofaffin sojoji, sun ce su kaɗai suka iya ta yadda ya kamata. A yini ba ta wuce mota arba'in, hamsin.”

Motima na jin komai, lasifikar wayar a buɗe take. Ta daina naɗe tsumman da ke hannunta.

“Babuji, kana ji na? Ai za ka iya, ko?”

“Zan iya,” in ji Dungar. “Yaushe ake farawa?”